Huhun Ragon Malam Ummaru

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar taubashina Malam Ummaru, wanda ya koyar a firamare ta Shagari tun lokacin da anka samu 'yancin kai. Ni kuwa mahauci ne a kasuwar Bodinga. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma jahilcin ne ya ci yaƙin.

Duk da haka na taɓa koyar da kimiyya, ko in ce huhun da nake sayarwa ya koyar. Malam ya ce wa'adin yaro da littafi gajere ne, sai ya ga abu da idonsa. Saboda haka yakan aiko in kai masa kayan cikin rago, ɗanye, ba a taɓa ba. In ɗaura su bayan keke, ƙudaje na yi mini rakiya har Shagari.

A gindin bedi, itacen dogon yaro, yake tara yara. Ya tsinko sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, ya soka a maƙogwaron huhun, ya ce, "Hura, Na-Tumbi, tunda surutu bai ƙarar maka da iska ba." In hura, huhu ya tashi ya yi jajir. In saki, ya kwanta. Sai ya sa kowane yaro ya dafa ƙirjinsa ya ja numfashi. Daga nan ya shiga bayanin yadda iska ke ratsawa cikin jini, zuciya ta tura shi ko'ina. Sunan Hausa yake fara ba su, huhu, hanta, ƙoda, saifa, sannan na Turanci ya biyo baya. Ni dai a daidai nan hankalina ke komawa kan hantar, don ladana ce.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance jikanyata ce, Asma'u. Kwanan baya na ji ta tana rera sunayen gaɓoɓi da Turanci kamar waƙa, jarrabawa ta matso. Na tsamo huhu daga miya na tambaye ta ko yana cikin waɗanda take kira. Ta ce a'a, wannan ai nama ne, nasu na littafi ne. Ta ƙara da cewa in ta sake faɗuwa ta bar boko ke nan, don ta gaji da haddar abin da ba ta san kamarsa ba.

Da Ummaru na raye, ban san mi zai ce ba. Makarantar su Asma'u ginin siminti ce, allo fes, ga zane a bango, amma yarinya jikar mahauta ba ta gane huhu ba.

Ranar kasuwa na sa anka kawo mini ɗanye, na yanko sandar ganyen gwanda, na kira ta. Na kafa baki na hura. Huhun ya ɗan motsa ya koma, tari ya turnuƙe ni har da hawaye. Na sake, haka. Iskar da Malam ke yi wa ba'a ta ƙare.

Ta ce, "Kawo nan, tsoho, kar ka mace mini in yi takaba."

Ta hura, ya tashi cif. Ta saki, ta tsaya tana kallo, sannan ta dafa ƙirjinta ba wanda ya sa ta. Na ji kamar muna gindin bedin nan. Sai ta juyo ta tambaye ni ta ina iskar ke bi ta shiga jini.

A zamanin Malam, daidai nan ne nake tashi neman wutar gasa hanta. Abin da ya rage mini na Ummaru ke nan, rabin darasi, na kuwa miƙa shi. Ta ce gobe za ta kai wa malaminsu tambayar, da huhun a leda. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ta tarar da mai sauran rabin.