Bakwai Cikin Goma na Malama Siddiƙa

Shekara ashirin da shida Siddiƙa, mutuniyar Damagaram, ta yi tana auna ruwan sama wa kamfanin gawayi a Cirozerin. Garin da ruwa bai cika zuwa ba, jama'a, amma ita kullum sai ta leƙa mazubi ta rubuta, ko da sifiri ne. Har ta ajiye aiki ba ta saki kaye-kayenta ba, wato littattafan da take rubuta awon a ciki.

A cikinsu ta gano wani abu. In aka yi ruwa kwana uku a jere a kan duwatsun Ayar, sau bakwai cikin goma ƙorama takan cika ta haura lambunan da ke bakinta, ko da ɗigo bai sauka a gari ba. Ba duba take yi ba, ƙirga shekaru take yi. Ka kira ta mai duba ka ga ɓacin rai!

Wata damina makiyaya suka kawo labarin ruwan dutse, yau kwana na uku. Siddiƙa ta tare ɗan kabu-kabu, sai lambun Amastan, wani dattijon Buzu da take sayen albasa wajensa. Buhu goma ya jera a gindin itacen gao dab da ƙorama, noman da iyalinsa za su ci har baɗi.

"Baba Amastan, ruwa na tafe. Bakwai cikin goma ne."

"Ka tabbata, Malama?" Shi Hausarsa kowa namiji ne.

"Kayena ba ya ƙarya."

Ta koma gida hankali kwance. Washegari da hantsi ƙorama ta zo da rugugi, ta share bakin lambuna tas. Da la'asar ga Amastan a ƙofarta, yana gyara rawani.

"Malama, lissafinka ya kuskure. Ka ce ruwa zai ci bakwai, ya ci uku."

Ashe bawan Allah buhu bakwai ya ɗora wa jakai ya kai tudu. Sauran ukun ya bar su, wai su ne rabon da ruwa ba zai taɓa ba!

Siddiƙa ta dafe kai. Dariya ta zo mata, tausayi ya danne ta, don ta san wahalar da ke cikin buhu uku. Ta ɗebo tsakuwa goma ta zube a tabarma.

"Waɗannan ba buhuna ba ne, Baba, damina ce goma. A bakwai ruwa zai zo, kuma in ya zo ba ya zaɓe."

Amastan ya daɗe yana kallon tsakuwar, sannan ya kwashe da dariya har rawaninsa ya zame.

"To me ya hana ka ce mini in kwashe duka?"

Siddiƙa ta shiga tattara tsakuwarta. Wallahi bai taɓa zuwa mata a rai ba.