Kwanon Ƙanwata Da Na Riƙa Cinyewa

Edita, shekarata goma sha bakwai a lokacin, siririya kamar tsinken tsintsiya, a gidanmu na gado da ke unguwar Soron Ɗinki. Ƙanwata kuwa 'yar lukuta ce tun tana goye. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ja kumatunta ya ce tubarkalla, ni kuma a tambaye ni ko ba a ba ni abinci ne. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci na.

Tana shekara sha biyar ta fara fama da ciwon kai da jiri. Da aka auna ta a asibiti, likita ya ce jininta ya hau, kuma ƙibar ce babban dalili. Ni dai taɓe baki na yi, don a ganina hawan jini ciwon tsofaffi ne. Daga ranar Umma ta ware mata tukunya: gasasshen kifi, zogale, kankana a yanke, gishiri ɗan kaɗan. Ni kuwa tuwo da miyar kuka kamar kullum. Wato an gama yabon ƙibarta, yanzu ciwon ma ya zame mata gata! Haushi kamar ya kashe ni.

Ita kuma kullum kuka take wai abincin lami ne. Sai na ba ta shawarar mu riƙa musanya a ɗaki. Ta ba ni kifinta, in ba ta tuwona da man shanu, in ƙara mata da awara da yaji da nake sayowa a hanyar Islamiyya. Baiwar Allah har godiya take mini, wai ni kaɗai nake tausayinta. Wallahi ba tausayi ba ne, so nake ni ma in ci abin da Umma ta zauna ta dafa da kulawa. Kwano yana komawa fes, Umma tana ta murna.

Muka shafe watanni a haka, sai ranar wata jarrabawa ganinta ya dushe, ta yanke jiki ta faɗi a aji. Da aka kai ta asibiti, a gabana likita ya yi wa Umma faɗa sosai, ya ce ba a bin ƙa'idar abincin. Umma tana hawaye tana rantsuwa cewa da hannunta take dafawa. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ba ta tona ni ba. Ni kuma na bar Umma da laifin.

Tun daga nan aka ɗora ta a kan maganin da take sha kullum har yau. Na gane a makare cewa hawan jini ba ruwansa da ƙuruciya, kuma tukunyar da na yi wa hassada magani ce. 'Yan'uwa, in an ware wa wani abinci a gidanku saboda ciwo, don Allah ku taya shi kiyayewa. Iyaye kuma ku zauna ku ga an ci, kada ganin kwano fes ya ruɗe ku. Har gobe Umma cewa take ita ce ba ta iya kula da 'yarta ba, ni kuma ina zaune ina jin ta, na kasa buɗe baki.