Cigiya a Kwamfuta

Na daɗe ina aiki a ɗan laburaren da ke Kunci kafin a kawo mana kwamfuta. Ɗaki ne guda mai tsawo, da kantocin katako waɗanda gara ta sha ɗanɗanawa. Aikina bai wuce in jera littattafai, in ba 'yan makaranta aro, in kori awakin da ke kutsowa idan na bar ƙofa a buɗe ba. Da rani akan samu masu zuwa. Da damina kuwa kowa yana gona, ni ma da azahar nake rufewa in nufi tawa.

Furfura ta riga ta cinye min gemu lokacin da aka kafa farantan sola a kan rufi, aka shigo da kwamfutoci. Sai aka turo wata Hajiya daga Kano ta koya min. Ita ma ma'aikaciyar laburare ce, kusan sa'ata, mai haƙuri da yawan raha. Ranar farko da na kama linzamin kwamfutar, 'yar kibiyar da ke kan allon ta yi ta tsere min daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ta ce, "Malam, ba fartanya ba ce. Sassauta hannu."

Na sha kunya ba kaɗan ba. Ta buɗe min imel, washegari na manta kalmar sirrin. Ta sake buɗe wani. Da yatsa ɗaya nake laluben haruffa kamar kaza tana tsince tsaba. Amma kafin ta koma ta nuna min yadda ake bincike a intanet, da yadda ake shiga shafukan sada zumunta, har ta buɗe wa laburaren shafinsa. Bayan tafiyarta na ci gaba da gwadawa ni kaɗai. In duba hasashen ruwan sama, in duba maganin tsutsar da ke cin masara, in gaya wa duk wanda ya leƙo. Na fara jin daɗin abin, har da ɗan alfahari.

Akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, da ke zuwa daga wani ƙauye kusa da mu duk ranar kasuwa. Yakan jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke ƙofar laburaren, ya huta, mu gaisa. Baba nake ce masa tun ina yaro. Bai taɓa shigowa ciki ba, don ba ya karatun boko. Ɗansa namiji ɗaya ne, kuma shekarar da gero ya ƙi, yaron ya tafi ci-rani ta Agadas har Libiya, ya bar matarsa da jaririya. Da farko yana bugo waya. Daga baya shiru.

Wata ranar kasuwa sai na ga Baba ya cire takalmi ya shigo. Ya tsaya nesa da kwamfutar yana kallonta.

Ya ce, "An ce wannan abin naku yana gano mutum ko ina yake a duniya."

Na ce, "Ba kullum ba, Baba. Amma za mu gwada."

Na rubuta sunan ɗan nasa. Masu irin sunan suka fito rututu, ba iyaka. Baba ya matso, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya da idanunsa da suka fara yana, yana girgiza kai. Har aka kira la'asar ba mu dace ba.

Na buga wa Hajiya waya na gaya mata. Ta ce in daina neman suna tsurarsa. 'Yan ci-rani suna da zaurukansu a intanet inda suke taruwa suna labarin aiki da na gida, in nemi irin waɗannan in sa cigiya. Sai da na yi kwanaki kafin na gane yadda ake neman izinin shiga zaure, da yadda ake ɗora hoto. Baba ya kawo min wani tsohon hoton yaron na ranar ɗaurin aurensa. Na rubuta sunansa, da laƙabin da ake kiransa a gida, da sunan ƙauyensu, na ce mahaifinsa ne ke nema.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya leƙo da ƙullin gyaɗa a hannu.

"Da labari?"

"Tukuna, Baba."

"To, Allah ya sa mu ji alheri." Sai ya ajiye min gyaɗar a kan tebur ya fita.

Amsar ta zo wata safiya, gero ya kai gwiwa. Wani mutumin Damagaram ne ya rubuto, ya ce tare suka yi aikin gini. Ya turo min wata tsohuwar sanarwa da suka sa a wani zauren tun ranin da ya wuce. Na danna. Ga yaron nan, ya rame, ya tara gemu, amma shi ne. A saman hoton an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, wayarsa kuma ta ɓata tun kafin nan, ba su da lambar kowa nasa. A ƙarƙashi mutane birjik, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, sun rubuta Allah ya jiƙansa. Baƙi sun yi ta'aziyyarsa sun gama, matarsa tana can tana ajiye masa shaddar sallah.

Na kashe kwamfutar. Sannan na rufe laburaren na hau keke.

Na sami Baba a gona yana maimai. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi damina, na sake tambayar gida. Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni.

Ya ce, "Yau ba kasuwa ba ce, kuma ba ka saba zuwa ba."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, sai haƙuri."

Ya zauna a kan kunya a hankali. Ya yi salati, ya maimaita. Can ya ce, "Ka tabbata shi ne?"

"Na ga hotonsa."

"To ina so in ji daga bakin wanda ya gani."

Washegari ya zo da manyan kaya, kamar mai zuwa masallacin Juma'a. Ban taɓa yin kiran bidiyo ni kaɗai ba, sau ɗaya Hajiya ta nuna min. Kiran yana yankewa, ina sake gwadawa. Daga ƙarshe fuskar mutumin ta fito, yana tsugune a gindin wani gini da ba a gama ba. Ya yi wa Baba gaisuwa. Baba bai tambayi yadda aka yi ba, bai tambayi kayan yaron ba.

Ya ce, "Ɗana, an yi masa sutura?"

"An yi, Baba. Mu muka yi masa wanka, muka sallace shi."

"Ya cika da kalmar shahada?"

"Kansa yana kan cinyata. Ya yi."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ɗaga hannu biyu yana sa wa mutumin albarka, shi da iyayensa da zuriyarsa. Hoton ya daskare, kiran ya yanke, amma bai sani ba, ya ci gaba da addu'a, hawaye yana bin gemunsa. Ban katse shi ba. Sai da ya shafa na gaya masa.

An yi zaman makoki a ƙauyen, ba gawa. Malamai suka ce wa matar takabarta ta riga ta wuce, tunda daga ranar rasuwa ake lissafi. Ta ce ta ji, amma a bar ta ta zauna. Ta cire 'yan kunnenta ta shiga ɗaki, ba wanda ya hana ta.

Baba bai ƙara damina biyu ba shi ma ya bi. Labari kuwa ya riga ya bazu, mutane suka fara zuwa da hotunan nasu da suka tafi. Wasu mun same su da rai, har an yi guɗa a cikin laburare. Wasu har yau shiru. Yanzu hannuna ya faɗa, ina rubutu da yatsu da yawa, ni ne ma nake koya wa malaman firamare. Sai dai idan tsohuwa ta shigo da hoto a ƙulle a bakin mayafi, nakan ce ta zauna ta sha ruwa tukuna, in tambaye ta ko da wani ta zo wanda zai raka ta gida.