Tafkin da Na Rubuta Fako

Ina shekarata ta biyu a aiki aka tura ni arewacin Dakoro, wajen Azagor, in zaga gefen gandun dajin da aka hana noma. Aikina in dubi kowane yanki in rubuta kamanninsa: nan tudun rairayi, nan kwari mai itatuwa, nan makiyaya. Da abin da na rubuta za a zana taswira, a san inda za a bari da inda za a taɓa. Da bazara na je, don lokacin ne biro, wato ofishinmu, ya samu mota.

Mai gari ya haɗa ni da wani tsohon makiyayi ya nuna mini hanya. Dogo ne, idonsa ɗaya ya yi yana, ba shi da yawan magana.

Rana ta uku muka iso wani fili da ƙasarsa ta ƙeƙashe ta tsattsage, ko ciyawa babu, sai aduwa biyu can gefe. Na buɗe kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na rubuta fako. Tsohon ya tambayi abin da na sa, na faɗa masa. Ya ce tafki ne. In ruwa ya sauka yakan riƙe har bayan kaka, shanun rugage da yawa nan suke sha, barewa ma na zuwa.

Na ce abin da ido ya gani aka ce in rubuta. Gaskiyar magana zafi ya dafa ni, kuma takardar ba ta da gurbin ruwan da ke zuwa ya tafi.

"Ɗana," in ji shi, "ka iske mutum na kwana ka ce ya mutu. Ka komo da damina."

Na yi alkawari. Damina ta zo aka aika motar zuwa Kornaka, ban samu komawa ba, ni kuma na miƙa rahoto yadda yake.

Bayan shekara biyu masu gyaran hanya suka nemi inda za su ɗebi ƙasa. Suka duba taswira suka zaɓi wurin da aka ce ba shi da amfani. Sun haƙe yumɓun da ke riƙe ruwan har suka kai ga rairayi. Tun daga nan in an yi ruwa, kwana biyu ya tsotse.

Na ga tsohon sau ɗaya bayan haka, a kasuwar Dakoro, yana sayar da igiya. Ɗansa ya yi arewa da ragowar shanun, shi ƙafa ta hana shi binsu. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata, ya tambayi iyali. Na ce Baba, ni ne na rubuta wurin nan fako. Ya ce ya sani, ya ci gaba da tufkarsa.

Na koma biro na rubuta takardar gyara. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka sa cikin kabad. Taswirar da ke bangon ɗakin taro ba a sake ta ba har na bar aikin.