Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Rannan 'yata ta dawo daga makaranta da wata doguwar kalmar Turanci, tana tafa hannu tana raba ta gaɓa-gaɓa: wa-ca-ma-ko-lit. Wai malaminsu ya ce da ita Bature ke kiran abin da sunansa ya kwanta masa. Na ce mu da muke da "abin nan" da "wane" ai mun huta da wannan wahala. Na yi dariya, sai kuma na tuna da Inna.

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu, can gefen Baure, uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari saboda alkunya. Ƙannena kowa da sunansa, ni kuwa "wane". Amma Inna tana da yadda take faɗar "wane" ɗin nan. Takan ja gaɓar farko ta yi tsawo, ta saki ta biyun a hankali kamar mai sauke tulu. In damina ta yi nisa, gero ya shanye tsayina, ina cikin gonar bayan gida nakan jiyo kiran nan ta kan danga, tare da ƙamshin ɗumame. Ba ta kallona in za ta miƙo kwano, amma nawa ya fi na kowa man shanu.

Duk da haka abin yana cina a rai. Na taɓa kai ƙara wurin kakata, ta ce, "Haba maigidana, kai da aka ɓoye sunanka ai kai aka fi ji da kai." Ban gamsu ba. So nake in ji shi a bakin Inna ko sau ɗaya ne.

Aiki ya kawo ni Daura, zuwa gida ya koma sai salla-salla. Da tsufa ya zo wa Inna, da tunaninta ya fara. Bara da kaka na je, na iske ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Bawan Allah, daga Daura kake? Ɗana yana can." Sai ta faɗi sunana, cikakke, ba ko gargada. "In ka gan shi, ka ce ya leƙo ni."

Na ce, "Zan gaya masa, Inna."

Iyayen yanzu tun daga soro suke ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa, kuma ba na ganin laifinsu. Ni dai na samu abin da na daɗe ina nema, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ce mini wane.