Fararen Kaya a Gidan Apo

Maigidana Alhaji bai taɓa ce min "ina kwana" kamar sauran mutane ba. Da ya idar da sallar asuba sai ya tsaya a ƙofar kicin, ya gyara murya: "Yaya tauraruwar ayari ta kwana?" Ni kuwa in ce, "Ta kwana da ciwon gwiwa. Matsa in ɗora ruwa." Haka muke tun a Kano, haka muka ci gaba a nan Guangzhou har ranar da ya kasa tashi. Yanzu ma ina ɗora ruwan, amma ƙofar ba kowa. Hajiya Rabi, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. In kuka ya zo min, ki ajiye biro ki jira ni.

Ku 'ya'yana 'yan kasuwa masu cin tuwo a gidan nan, da ku nake. Na ji kun yanke cewa bana ba za a yi Zaman Da ba, wai kasuwa ta yi nauyi, wai mai abin ya tafi. Ni ban iya rubutu ba, shi ya sa na zaunar da Rabi, don a karanta muku bayan Juma'a. Ku ji ta bakina tukuna.

Kun san akwatinsa na ƙarfe. Mutum zai taho China sarin kaya, amma rabin akwati tsofaffin littattafan soyayya ne, duk sun yi ja, wasu ba ko bango. Labaran zamanin fatake ne, tun ba a san jirgin ƙasa ba: falke ya ga budurwa a bakin rijiya, ayari ya tashi, ta zauna jira. Bayan la'asar yakan karanta min, kuma faɗa yake yi da mutanen ciki. "Kai, wawa! Juya ka dube ta mana!" In ce, "Alhaji, ba ya jin ka." Ya ce, "Ai shi ya sa ya rasa ta." Sai ya cire tabarau yana goge ido, wai hayaƙin girkina ne. Alhali ban ma kunna wuta ba.

Shekarar da aka mayar wa China Hong Kong muka bi ta wani lambu, muka tarar da tsofaffin 'yan China sun sha kayan kakanninsu, masu hannu har ƙasa, suna rera labarin wasu masoya na da. Alhaji ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce, "Hajiya, mu daga sama muka faɗo? Ba mu da kakanni?" Na ce, "Muna da su, suna kwance lafiya, ka bar su." Bai bar su ba. Daga nan Zaman Da ya samo asali: sau ɗaya a shekara kowa ya saka kaya irin na mutanen littafi, shi ya karanta, ku kuma ku yi abin da aka karanta.

To amma kun san hannunsa, ba ya buɗuwa. Rigarsa ta saƙi ce, gadon mahaifinsa. Kayan sauran kuwa? Wata guda yana zagaya kasuwannin tufafi na Baima da Shisanhang yana karɓar ƙyallen samfur kyauta. Ya ce wa mai shago, "Laoban," wato maigida, "in gani tukuna, in ya yi zan dawo." Bai koma ko shago ɗaya ba. Ni na zauna na harhaɗa su. Rawanin Alhaji Saidu na Kumasi labulen taga ne, har da zoben ratayewa. Da ya juya kai sai ka ji kacau-kacau. Ya ce, "Baba, wannan abin ƙara yake." Alhaji ya ce, "Attajirin da haka yake, tun daga nesa ake jin zuwansa."

Ga dokarsa: ba agogo, ba takalmi sau-ciki, ba Turanci, ba yaren China. Wanda ya kuskure shi zai wanke tukwane. Ni ce budurwar bakin rijiya, da furfurata, da fatala da murjani, ina riƙe da tukunyar fulawa a madadin tulu. Malam Garba shi ne ubana. Alhaji ya durƙusa gabansa, ya yi dogon jawabi na neman aure, har muryarsa na rawa. Malam Garba, da ya wuni yana fama da masu shago, ya ɗaga hannu ya ce, "Meyo." Wato babu! Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa: "Shekara da shekaru ina tare da matar nan, yau ka ce min meyo? Tashi, tukwane na jiran ka." Garba, ka tuna? Kai ne yanzu kan gaba wajen cewa a bari.

Amma abin da nake so ku tuna shi ne zaman farko. Alhaji ya kafe sai kowa ya zo da fari fat, wai fatake in za su neman aure fari suke sakawa. Ba wanda ya gaya mana cewa a ƙasar nan fari kayan makoki ne. Tsohuwar da ta ba mu hayar gida, wadda muke kira Apo, tana zaune a ƙasan bene, sai ta ga maza suna hawa ɗaya bayan ɗaya, fari tun daga kai har ƙafa, fuska a murtuƙe don Alhaji ya hana dariya. Baiwar Allah ta fita da sauri ta sayo fararen furanni, ta hau tana kuka. Ta tsaya a ƙofa tana bin fuskoki da ido, tana neman wanda babu. Ta ga Alhaji, ta ga kowa, ba ta gan ni ba. Ta dafe ƙirji ta fasa kururuwa. Ana cikin haka na fito daga kicin da kwanon tuwo, ido ya sha kwalli. Wayyo! Furanni suka watse, Apo ta yi baya sai da Saidu ya tare ta. Alhaji ya ce, "Kun gani ko? Matata ko ta mutu sai ta kawo tuwo."

Da hannu da ka muka fahimtar da ita. Ta koyi kalma ɗaya ta Hausa: wasa. Tun daga ranar, in ta ga fararen kaya a bene sai ta shiga ɗaki ta sako wata tsohuwar jar riga ta siliki, ta auren mahaifiyarta, ta zo ta zauna kusa da ni. Ba ta jin ko kalma, amma duk inda Alhaji ya cire tabarau, nan ita ma take fara hawaye. Yakan ce, "Duk cikinku Apo ce kaɗai ke gane littafi."

Rabi, dakata kaɗan.

To. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ne. Kuka zo ɗaukar sa, kuma ba wanda ya shirya, amma yawancinku fari kuka saka, don shi ne kayan kirkin da kuke da shi a garin nan. Ina zaune a tabarma, mata biyu na riƙe da ni, sai na ji tafi daga bene. Apo ce, cikin jar rigarta, ta shafa hoda, ta rungumo tukunyar fulawar da nake yin tulu da ita, tana dariya tana cewa, "Wasa! Wasa!" Ta tsaya a ƙofar nan, inda ta tsaya a karon farko, ta fara bin fuskoki. Ta ga Garba. Ta ga Saidu. Ta gan ni. Ta sake bi daga farko, a hankali. Sannan ta ajiye tukunyar, ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da jan hannun rigarta. Mu muka koya mata cewa farinmu na murna ne, ranar kuma ba mu da kalmar da za mu warware mata.

Da kuka sauko da shi, ta miƙe ta matsa jikin bango, ta sunkuyar da kai har kuka wuce.

Na fita takaba. 'Ya'yana na Kano sun matsa in koma, kuma zan koma bayan Babbar Sallah. Zama ɗaya ya rage min a gidan nan. Akwatin na nan, rawunan na nan, na wanke na goge. Littafin da muka fara bara ba mu ƙarasa ba, ya sa tsinken tsintsiya a inda ya tsaya. Kullum ina buɗewa in dubi baƙaƙen, su dube ni. Ban san ko falken ya dawo ba. Ɗayanku ya zo ya karanta min. Ko da in'ina ne, ko ba daɗin murya, zan ji.

Shekaranjiya Apo ta tare ni a bene. Ta ɗauko farin ƙyalle a hannu ɗaya, jar rigar a ɗayan, ta ɗaga min su tana kallon idona. Sannan na nuna mata ja. Kar ku sa in zama na yi wa tsohuwa ƙarya. Garba, kai za ka fara zuwa, kuma wannan karon ban yarda da meyo ba.

Ya Allah, ga bawanka nan a ƙasar da ba tasa ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya huta. In tawa ta zo, ka sa in same shi tsaye a bakin ƙofa yana gyara murya. Wallahi ranar ba zan ce masa ya matsa ba.