Injin da Aka Ba Mu Ajiya

Ni ɗan makaniki ne daga bakin ruwa a Yelwa. Ba zan faɗi sunana ba, don mutanen da suka san labarin nan sun riga sun san ni, sauran kuma sunan ba zai amfane su da komai ba. Na rubuta ne saboda samari masu son buga gem a kwamfuta, irina a da.

Mahaifina yana gyaran injin jirgin ruwa a wata rumfar kwano mai kallon gulbi, da ɗan ɗaki a bayanta. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya miƙa injin da ya gyara sai ya shiga jirgi tare da mai shi sun yi nisa cikin ruwa sun dawo. Yakan cusa hularsa a aljihu ya ce, "In zai mutu, ya mutu ina ciki." Na biyu kuma ajiya. Yawancin masu jirage na wajen Ngaski da Shanga manoma ne, idan damina ta kankama sai su koma gona, su bar injinansu a ɗakin nan na baya har kaka. Ba takarda, ba shaida. Mutum ya jingine injinsa, su yi musabiha da Baba, ya tafi. Injin ajiya ba a gwada shi a ruwa ranar ɗauka, tunda ba a taɓa shi ba. Mabuɗin ɗakin biyu ne, ɗaya a wurin Baba, ɗaya a wurina.

Na gama sakandare ban ci gaba ba, sai na zauna ina taya shi aiki. Ina da aboki, Sanusi, yana aiki a shagon da ake buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. A wurinsa na fara ganin gem na kwamfuta. Na saba da na waya, amma wannan daban ne. Teku ce shimfiɗe a allo, ruwan yana motsi kamar ka sa hannu ka jiƙe, ga jirgi na katako da kake ginawa da kanka, kana ƙara masa kaya, kana fita da shi tare da wasu mutane na wasu ƙasashe da ba ka taɓa gani ba.

Na ce wannan ai sai 'ya'yan masu kuɗi. Sanusi ya yi dariya ya ce, "Kai baƙauye ne. Wa ke sayen gem yanzu? Guda ɗaya sai ya ci maka kuɗin buhun shinkafa. Rajista za ka yi, ka riƙa biyan kaɗan duk wata, a buɗe maka ɗaruruwa. Wanda ka gaji da shi ka bari, ka kama wani."

Ba ƙarya ya yi mini ba. In mutum yana da aiki, da wuta, da kwamfutar kirki, kuma ya san lokacin tashi, tsarin yana da sauƙi. Sanusi har yau yana bugawa, bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Ba na ɗora masa laifi.

Na sayi tsohuwar kwamfuta ta tebur da guminna, abin da na tara daga dakon albasa da ɗan abin da Baba ke ba ni. Wannan kaɗai ne halal a cikin duk abin da ya biyo baya. Da na yi rajista na ga jerin gem ɗin, sai na ji kamar an ba ni kasuwa guda kyauta. Ban lura ba cewa kuɗin wata shi ne mafi ƙanƙanta a cikin hidimar. Kowane gem sai ka sauke shi, ya lashe data kamar rami. Wuta ba ta zama, sai janareta, janareta kuma sai fetur. Hoton yana tsinkewa, aka ce sai na sa wa kwamfutar wani katin hoto mai tsada. Kuɗin watan ma da dala yake tafiya, yau ka saba da shi, gobe ya ɗaga. Masu tsarin ba sa tambayarka, ranar ta zo su cire daga asusunka. In babu, su rufe.

Wata rana da la'asar Baba ya leƙo ɗakina yana neman sifana. Ya tsaya a bayana yana kallon allon, hannunsa duk baƙin mai.

"Wanga jirgi ina injinsa?"

Na ce iska ke tura shi.

"To, shi ba ya bukata ta," ya ce yana murmushi. "Naka ne?"

Na ce ni na gina shi, amma wurin haya ne.

"In ka bar biya fa?"

"Sai su rufe ƙofa."

"Jirgin na ciki?"

Na ce yana ciki. Ya daɗe yana kallo, ya ce ruwan dai sun iya shi, ya ɗauki sifanarsa ya fita. Wannan ita ce kawai maganar da muka taɓa yi da shi a kan gem.

Da fetur na fara. Ragowar da ke ƙasan tankunan injinan mutane nake zuƙewa in zuba wa janareta, in ce wa kaina ai da ma bushewa zai yi. Daga nan sai cire fulogin inji in sayar. Akwai wani mai sayar da kayan inji na hannu a kasuwa wanda ba ya tambayar inda abu ya fito. Da wata ya zo ƙarshe asusuna babu komai, abokan wasana kuma suna jira mu fita teku, sai na buɗe ɗakin ajiya.

Ranar Juma'a nake yi. Baba yakan yi wanka da wuri ya tafi masallaci, ya ce in rufe rumfa in biyo shi. Ina jin huɗuba a lasifika ina kwance injin mutane. In cire wani sashe mai kyau don in sayar, in ɗauko mataccen irinsa daga tulin ƙarafan bayan rumfa, in wanke da fetur in ɗaura. Sannan in ruga in samu sahun baya. Kullum ina gaya wa kaina zan mayar kafin kaka. Ina gyara jirgin ƙarya da kayan jiragen gaske, kuma a lokacin ban ga haka ba.

Inna ta ga idona ya yi ja, na rame, ba na cin tuwo sai ya huce. Ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce allo ne kawai.

A cikin injinan akwai na Malam Gado, mutumin wani ƙauye kusa da Wara, abokin Baba tun suna samari. Duk zuwansa da ƙullin busasshen kifi na Inna. Ni kuma ba ya kirana sai "ɗan boko". Famfon ruwan injinsa na cire, wanda ke sanyaya shi, na sa wani da ya gama cinyewa.

Bai jira kaka ba. Wata ranar kasuwa sai ga shi da hantsi, ya ce ya samu lodi da fasinja zuwa ƙetare, ba zai bari ya wuce shi ba. Baba ya ce in fito masa da injin. Ni na saɓa shi a kafaɗa har bakin jirgi. Ni na ɗaure shi. Malam Gado ya ja igiya, ya tashi nan take, don inji mai sanyi ba ya nuna irin wannan ciwon sai ya yi tafiya.

"Ɗan boko, ka ji murya? Kamar amarya!" ya ce. "Yaushe za ka bar akwatin aljanun nan ka zo in koya maka ruwa?"

Na yi dariya. Akwai mata a cikin jirgin, da wani tsoho rungume da akuya. Da na faɗi kalma ɗaya, da ta isa ta tsayar da su. Na tsaya har suka ɓace mini, na koma rumfa.

A tsakiyar tafki injin ya yi zafi ya kame. Iska ta kwashe su ta maka su a kan kututture, irin na itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka datse gulbi. Jirgin ya tsage. Allah ya sa akwai masunta a kusa, suka tsamo kowa da ransa. Kaya duk sun tafi, jirgin ya nutse, ƙafar Malam Gado ta karye a tsakanin katako da kututturen.

Da aka ciro injin wani makaniki ya buɗe shi, magana ta fito. Masu ajiya suka baro gonakinsu suka zo, kowa ya sa aka buɗe nasa a gaban jama'a. Ina tsaye ina ji ana kiran Baba ɓarawo a wurin da ya tsufa yana aiki. Da 'yan sanda suka zo suka tambayi wa ke shiga ɗakin, Baba bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ni anka ba ajiya. Ni za a tambaya." Suka tafi da shi.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi yi mini nauyi. Na koma gida, na shiga ɗaki, na tayar da janareta, na kunna gem. Ba don ina jin daɗi ba. Nan ne kaɗai wurin da babu wanda ya san ni. Haka na yi washegari ma.

Inna ta shigo da kwanon abinci a ɗaure cikin tsumma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye shi a gabana, a kan maɓallan kwamfutar.

"Tashi ka kai wa ubanka tuwo," ta ce. "Mabuɗi biyu ne. Ya hana ni faɗi, kuma ba ni faɗi. Amma ni ba ni iya kallonsa a can. Kai da ka iya, je ka kalle shi."

Na same shi a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, ba hula, ba riga, yana zaune a ƙasa cikin yaran da ya haifi irinsu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a gaban mutane ba sai a cikin jirgi. Ya karɓi kwanon ya ce, "Kai ka ci?" Na juya wurin ɗan sandan da ke kan tebur na faɗi komai, har da mai sayen kayan.

Alƙali ya tura ni gidan yari. Ba zan ba da labarin can da yawa ba. Akwai yunwa, akwai ƙaiƙayi, akwai lokaci mai yawa na tunani. An sayar da kwamfutar, ba ta kai ko rabin abin da na zuba mata ba. Baba ya sayar da 'yar gonarsa ta fadama da mafi yawan kayan aikinsa, ya bi masu injina ɗaya bayan ɗaya ya gyara abin da na ɓata, duk da kotu ta wanke shi. Amma damina ta zagayo babu wanda ya kawo ajiya. Inna ta ce kullum yakan je ya buɗe rumfar, ya zauna yana kallon ruwa har azahar.

Baba ya zo duba ni a gidan yari. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun ranar. Ya tambaye ni ko ina salla a kan lokaci. Ya ƙara da cewa laifinsa ne da bai gwada injin Gado a ruwa ba. Na ce ai ba a gwada na ajiya. Ya ce, "Da na shiga, da na ji shi tun bai yi nisa ba."

Sanusi ne ya kawo mini labarin rasuwar Baba. Ciwon kwana kaɗan, aka ce hawan jini. Ban ga gawarsa ba, ban ɗauki makararsa ba. Sai Sanusi ya ce, don dai ya samu abin faɗi, rajistata ta rufe kanta tuntuni, har suna aiko da saƙo wai in dawo an rage mini kuɗi. Ya ga fuskata, ya bar maganar.

Da aka sake ni na wuce maƙabarta kafin gida. Inna ta fito mini da sifanun Baba da ta ɓoye a ƙarƙashin gado lokacin da ake sayar da kaya. Na buɗe rumfar. Masu jirage suna wucewa ba sa ko sallama. Janareta nake samu, da injin ban-ruwa na masu albasa, su ma suna tsaye a kaina har in gama.

Wata safiya sai ga Malam Gado yana ɗingishi, wasu samari na biye da shi da inji a kafaɗa. Na rasa inda zan sa idona.

"Yana tari," ya ce. "Ka gyara. In ka gama, da kai za mu shiga."

Na gyara, muka shiga mu biyu. Muka yi nisa har gari ya zama layi. Sai ya kashe injin, ya nuna mini wani baƙin abu da ya ɗan leƙo saman ruwa. Kututturen nan ne. Jirgin yana ta lilo. Can ya ce, "Tayar." Na ja igiya, ya tashi.

"Ba don kai na zo ba," ya ce a hanyar dawowa. "Kuma ban ce na manta ba."

Ya biya ni ladan aikina cif. Bai kira ni ɗan boko ba.

Ƙannena, ban ce muku gem haramun ne ba, kuma ban ce tsarin biyan wata cuta ne ba. Amma kafin ka ce abu yana da araha, haɗa da data da fetur da barcinka da sallarka, sannan ka tambayi kanka daga aljihun wa zai fito. Ranar da wata ya ƙare ba ka da shi, bar su su rufe. Babu abin da zai nutse. Duk abin da na gina a can haya ne, yana hannun masu shi, sun ci gaba da kasuwarsu ba su san an yi ni ba. Abin da na rushe a nan kuwa na mahaifina ne, shi ya gina da hannunsa. In ka riga ka fara taɓa abin da aka ba ka amana, ka faɗa yau, tun jirgin yana bakin ruwa.

Yanzu masu jirage sun fara kawo mini gyara jefi-jefi, kuma kowane inji sai na shiga ruwa da shi. Ajiya ce har yau babu wanda ya ba ni. Damina ta kankama, na ga suna ɗora injinansu a kan amalanke suna wucewa da su ta gaban rumfa. Ɗakin baya yana nan babu komai. Ina share shi duk ranar Juma'a, in rufe, in tafi masallaci da wuri.